Ƙauyuka Uku da Madatsar Ruwa

Ka ce kana so ka gane mece ce tarayya, kuma me ya sa ake ta maganar tsarin mulki? Matso nan, ɗan'uwa, ka sha labari.

Wasu ƙauyuka uku ne a bakin rafi ɗaya: na sama manoman shinkafa, na tsakiya masu albasa, na gangare makiyaya. Da damina ruwa ya wuce su a banza, da rani a yi ta faɗa kan ɗan abin da ya saura. Sai suka shirya haɗa ƙarfi su datse rafin. Ranar fara aiki gari ya ɗauka, ga kiɗa ga guɗa, samari na jido duwatsu da gudu. Sai wani tsohon manomi ya haye dutsen farko ya zauna, ya ce ba za a aza shi ba sai an fayyace ikon kowa. Aka yi ta gunaguni, amma aka zauna. Aka yanke cewa za a zaɓi sarkin ruwa, nasa shi ne tsaron babbar ƙofar madatsar da gyaranta, iyakarsa ke nan. Kowane ƙauye da magudanarsa, ya raba ruwansa yadda ya ga dama. In aka saɓa, wasu dattawa da ba su riƙe da ƙofa ko magudana su za su yi hukunci. Kowa ya rantse, sannan aka yi gini.

Ana nan sai aka shiga shekarar fari, sarkin ruwa kuwa ɗan ƙauyen sama ne. Danginsa suka matsa masa, ya toshe magudanar makiyaya, wai ai shanu na da ƙafa. Maruka suka fara faɗuwa. Samarin gangare suka ɗauko sanduna, manyansu suka tare su, aka nufi wurin dattawa. Masu albasa ma suka biyo baya, don sun san gobe tasu za a toshe. Dattawa suka dubi sarkin ruwa suka ce, "Ƙofa aka ba ka tsaro, ba a ba ka rabon wani ba." Da hannunsa ya cire toshiyar. Ka ga ruwa ya ɓalle yana kumfa, jama'a na tsere da shi har gangare, shanu na kuka suna tararsa, ba a fasa kan kowa ba.

To, haɗin ƙauyukan nan shi ne tarayya, ƙa'idar da suka rantse a kanta kuwa ita ce tsarin mulki. Da a ce sai ranar aka zo neman iyakar kowa, da jini aka sha maimakon ruwa. Shi ya sa Hausawa suka ce: tun ran gini, tun ran zane.