Ranar da Janareto Ya Kwantar da Kai

Yaya ce ta raini Auta tun bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinkinta ta yi masa makaranta har ya iya aikin kwamfuta. Ita ba ta gane kan aikin ba. Abin da ta sani shi ne yana haɗa manhajar waya, kuma kowace Asabar yakan saɓa jaka ya tafi taronsu na masu irin wannan sana'a, a wani zaure da ke saman bene, inda kowa ke nuna abin da ya haɗa a majigi, a gyara masa, a tafa masa.

A can ba a kiransa Auta. Janareto suke ce masa, wai don ba ya hutawa. Shi kuma sunan daɗi yake masa. A wurinsu rashin barci abin alfahari ne. Wannan ya ce kwana ya yi a zaune, wancan ya ce ai shi ya manta kalar katifarsa. Suna da wata ɗabi'a kuma: duk wanda gyangyaɗi ya kwashe a taro, sai a ɗauki hotonsa a saka a guruf ɗinsu na waya, a yi ta yi masa tsiya har mako ya zagayo. Auta ne gwanin ɗaukar hoton. Shi ba a taɓa kama shi ba.

Yaya kuwa ita ke share ɗakinsa, ita ke kwashe gwangwanayen lemon ƙara kuzari daga ƙarƙashin tebur. Ta ga idonsa ya yi ja, ta ga yana yawan dafe ƙeya. Da ta matsa masa, ya je shagon magani aka auna shi, mai shagon ya ce jininsa ya hau sosai, ya wuce asibiti. Auta ya dawo yana dariya, wai hawan jini ciwon tsofaffi ne, kuma da zarar ya gama manhajar da yake yi wa direbobin manyan motoci zai je.

Ta ce, "Auta, irinsa ne fa ya kayar da Baba."

Ya ce, "Yaya, ke ma kin cika tsoro. Bari in gama, har barcin mako zan yi miki."

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, ya fita ko karin kumallo bai taɓa ba. Can bayan azahar Yaya na shagonta a kan keke tana haɗa wuyan riga, sai saƙo ya shigo wayarta daga wata budurwa da take yi wa ɗinki, wadda ita ma 'yar taron ce. Hoto ne. Ga Auta ya kifa kai a kan tebur kusa da kwamfutarsa, samari biyu a bayansa suna washe baki. A ƙasa an rubuta cewa yau dai man Janareto ya ƙare.

Yaya ta fara murmushi, sai ta buɗe hoton da yatsu biyu. Gefen bakinsa ya karkace, yawu ya jiƙa hannun rigarsa, ɗaya hannun kuma yana reto a ƙasa kamar ba nasa ba. Haka ta tarar da mahaifinsu a kan tabarma shekarun baya.

Ta kira shi, ba a ɗauka ba. Ta kira budurwar, ita ma shiru, domin dokarsu ce kowa ya rufe ƙarar waya idan wani na bayani. Ta zari mayafi ta bar shagon a buɗe. Motar hayar da ta hau ta shiga cunkoso, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa.

Tana hawa benen ta ji tafi. Wani na tsaye gaban majigi, kowa ya ba Auta baya. An ma lulluɓa masa wata riga don kada sanyin na'ura ya dame shi. Shugaban taron ya tare ta da fara'a, ya ce ta yi a hankali, yau ne karon farko da suka ga ya runtsa, sun hana kowa tashinsa.

Ta ture shi ta wuce. Ta kama kafaɗar ƙanenta ta girgiza, kansa ya tafi gefe. Wani munshari mai nauyi yake yi, wanda su suka ɗauka na gajiya ne.

Ta ce, "Wannan ba barci ba ne. Ku ɗauke shi."

A asibiti likita ya tambayi tun yaushe yake haka. Ba wanda ya iya amsawa sai da suka duba lokacin da aka saka hoton. Tun da hantsi ne, ga shi rana ta yi sanyi. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kansa, kuma da an kawo shi da wuri da an samu abin yi. Auta bai sake buɗe ido ba. Kafin wata Asabar an binne shi.

Sun zo gaisuwa dukkansu, sun cika ƙofar gida. Shugaban ya durƙusa yana kuka, ya ce wallahi son shi suke yi, hutu suka so ya yi. Yaya ta san gaskiya ya faɗa. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Yara ne masu ilimi da suka zauna awanni da mutum yana mutuwa a bayansu, babu wanda ya san alamar. Ta ce ta yafe, ta roƙe su abu ɗaya, su goge hoton.

Jama'a, hana jiki barci ba jarumta ba ce, kuma hawan jini ba ya duba shekaru. In an ce ka je asibiti, ka je yau. In kuma wani ya kife a kusa da kai, ka ajiye waya ka kira sunansa, ka taɓa shi. In bai amsa ba, ko ka ga baki ya karkace, a nufi asibiti nan take.