Mai Fentin Motoci da Hasken Kogi

Tun da hannunka na ƙaiƙayi ka sake taɓa aikin nan, ajiye buroshin ka saurara. An yi wani mai zane a jikin manyan motoci, gwani na gaske, in ya ja layi ko zare albarka. Da girma ya fara kama shi sai sha'awar zanen daji da ruwa ta shige shi, ya je wurin wata dattijuwa mai koyarwa. Ta ba shi hoton wani tsohon zane na kogi da hantsi, ga kwalekwale ga bishiyoyi a bakin ruwa, aikin wani gwani da ya daɗe da barin duniya, ta ce ya kwaikwaya. Zanen nan babu layi ko ɗaya, ɗige-ɗigen launi ne kawai, kamar kaza ta taka fenti ta bi ta kai. Sai ka ja baya sannan ruwan ya fara ƙyalli. Ya daure ya bi ɗigon nan har ya gama. Dattijuwar ta daɗe tana kallo daga bakin ƙofa, sannan ta ce gobe ya gayyato mutanensa.

Da safe ya riga kowa zuwa. Ya kafa hanci a jikin zanen, ya tuna abokan sana'arsa na tasha da bakinsu, ya ce a ransa: za su ce hannunsa ya soma rawa. Sai ya ɗauko siririn buroshinsa na rubuta lambar mota. Ya zagaye kwalekwalen da baƙi, ya fitar da ganye ɗaya-ɗaya, ya shafe ruwan ya koma shuɗi sumul. Abokan suka zo suka yi ta yabo, wai ko a bayan tirela aka sa shi ya yi. Dattijuwar ta shigo da murnarta tana cewa, "Ku ja baya, yau za ku ga abin da na daɗe ina neman mai iyawa." Ta juyo ta dubi zanen. Sai ta ce, "Malam, ina hasken da na bari jiya a kan kogin nan?" Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yabon abokan ma ya fi komai yi masa ciwo, don ya ja baya tare da su ya gani da idonsa: kogin ya mutu, kuma abin da ya shafe ba ya dawowa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, kada garin gyaran gira a rasa ido.