Mai 'Yan Tsaki da Sabulun Bel

Wani mutum ne, ba sai na faɗi garinsu ba, sana'arsa ɗauko 'yan tsaki daga gidan gona a birni, ya kawo wa matan unguwa masu kiwo. Yana da wata tsohuwar mota da yake jera kwalayen a bayanta. To shi irin mutanen nan ne masu son ganin cikin abu, ko rediyo ya saya sai ya kwance ya leƙa. Ranar da bel ɗin motar ya tsattsage, wannan mai juya altaneta, wato abin da ke ba batir wuta, sai ya ce ba bakaniken da zai kai wa, shi ma yana so ya ga yadda ake yi. Ya sayo sabo, ya buɗe bonet a ƙofar gida, ya sassauta noti, altaneta ta kwanto, tsohon bel ya fita salin alin. Ya zura sabon, ya aro taɓaryar matarsa ya banƙare altaneta da ita, ya ɗaure noti. Ya danna bel da babban yatsa, ya ji ya ɗame, ɗan lotsawa kaɗan kawai yake yi. Ya murɗa makulli, mota ta tashi lafiya lau. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Abin da bai sani ba, sabon bel kamar sabon takalmi ne, in ya sha tafiya sai ya saki, sai an koma an ƙara ɗame shi. Ba a daɗe ba, ya tayar da mota da safe sai ya ji ƙiiii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Ya tsuguna ya kasa kunne. Ya lura da safe abin ya fi yi. Ya kunna fitila, kukan ya ƙaru. Ya kashe, ya lafa. Ya sake kunnawa, ya sake kashewa, yana cewa a ransa, ikon Allah, me ya haɗa fitila da bel? Wallahi saura ƙiris ya gano. Sai dai akwai wani abu da ya fi damunsa. Hanyar fita unguwarsu ta ƙofar gidan surukinsa ta bi, tsoho kuma kullum yana kan dakali da carbinsa, idonsa ba ya gani sosai amma kunne garau. A da mai 'yan tsaki sulalewa yake yi ya wuce, ya bar gaisuwa sai yamma. Yanzu kuwa mota tana shelar zuwansa, dole ya tsaya, ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi ta ina kwana, ina gajiya, ya kwanan iyali, rana tana ta ɗagawa. Wata safiya tsohon ya ce, “Malam, ai motar nan taka ta fi ka ladabi, tun daga kwana take yi min sallama.” Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Shi dai kansa a ƙasa, “Allah Ya ƙara girma, Baba,” amma ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. A tasha wani direba ya ce masa, “Kai ma dai, goga masa sabulu mana, yanzu zai yi maka shiru.” Ya dawo gida ya ɗauki guntun sabulun wanki ya goge bel tsaf. Shiru kake ji. Ya daina tambayar kansa zancen fitila, tunda kunnensa ya huta. Kuka ya dawo, ya ƙara sabulu. Wata 'yar jar fitila ta fara ƙyafta masa ido a gaban sitiyari, ya ce waya ce ta saki.

Rannan da bazara, ya cika bayan mota da kwalaye ya kamo hanyar gida, rana tsaka. Su 'yan tsaki iskar da ke shigowa ta taga ita ke riƙe da ransu. Yana cikin tafiya mota ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu a wani fili fetal, ko inuwar ƙaya babu. Ya murɗa makulli, ƙas ƙas, batir ba ko ɗigon wuta. Ya buɗe bonet ya danna bel, yatsa ya nutse, bel ya yi santsi yana sheƙi kamar bayan tarwaɗa. A nan ne amsar ta zo masa. Ashe in ya kunna fitila altaneta nauyi take yi, sakakken bel ya kasa juya ta, sai ya zame, zamewar ce kukan. Tun farko bel ɗin cewa yake yi, ɗame ni, ba na caji. Ga shi yau ba sifana a hannu, ba taɓarya. Ya sauke kwalayen ya jera a ɗan gefen da motar ta yi inuwa, ya tuɓe rigarsa yana yi musu fifita, zufa tana zuba. Kafin Allah Ya kawo wani mai a-kori-kura da ya yarda ya kwashe su, rana ta gama aikinta. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne. Wanda ya ji tsiyau-tsiyau a ciki, sai ya ce alhamdu lillahi ya miƙa wa mai a-kori-kura. Wanda ya ji shiru, ba ya ma iya buɗewa. Masu shirun sun fi yawa.

Shi ya sa in abu yana yi maka kuka, kafin ka toshe masa baki, tsaya ka ji me yake faɗa. Hausawa sun ce, kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.