Sojan Kukar Sada

Ukasha ya sauka daga ƙaramar bas a gaba da unguwar Abbasiya, riƙe da hoton kakansa a cikin leda. Harun, abokin zamansa, na biye da shi yana ta haɗiye dariya.

Tun da Ukasha ya zo Alƙahira karatu, babu wanda ya sha shayi a gidansu na haya da ke Madinat Nasr bai ji labarin kakansa Soja Sulaimanu ba. Ɗan dagacin Kukar Sada ne da ya tafi yaƙin Hitila, ya yi shekara huɗu a Masar, ya dawo da ransa da buhun labarai. Ukasha kan ba da tarihin ne yana yi wa ɗalibai aski, don Allah ya yi masa hannun aski ba tare da kowa ya koya masa ba, abin da ya ɗauka ƙasƙanci ne ga jinin sarauta amma ya kasa dainawa.

A shekarar 2012 mutanen Kukar Sada suka gina firamare, aka ce a sa mata sunan Soja Sulaimanu. Sai wani tsohon hedimasta a kwamiti ya kafe, shi sai ya ga shaida. Mahaifin Ukasha ya bugo waya ya ce tunda shi ne a Masar, ya samo takarda kafin babbar Sallah, kada a kunyata gidansu a gaban gari.

Matsalar ita ce labaran marigayin sun ƙi zama daidai da Masar. Ya ce fadar sarkin ƙasar ginin ƙasa ce mai zane. Ya ce da rani ruwa kan yi wuya har a sha na tafki. Ukasha ya tsaya a kan gada ya kalli kogin Nilu, ya yanke hukuncin cewa a wancan zamanin bai cika haka ba. Ranar da ya kwaikwayi Turancin soja na kakansa kuwa, Harun, wanda ɗan Damagaram ne, sai da ya ƙware da shayi.

"Ustaz, wannan ai Faransanci ne. Irin na kasuwarmu ma."

Ukasha ya ce sojojin ƙawance ne, sun cuɗanya. Harun ya dubi hoton, ya dubi Ukasha da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar jirgin ƙasa na metro, ya ce tsohon nan ko kafaɗarsa bai kai ba. Ukasha ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Mutum ɗaya ce a gida ba ta taɓa tanka labaran ba, kakarsa Iya Balki. Da Soja ya gyara murya sai ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Kowace shekara takan toya waina ta rabar sadaka, ba ta faɗin don wa. A bayan ƙofarta akwai wata tsohuwar zabirar wanzanci a rataye, ko jikoki ba sa taɓa ta. Ukasha ya ɗauki duk wannan a rigimar tsufa.

Makabartar sojojin tana bayan wani tsohon coci, shiru kamar ba cikin Alƙahira ba. Fararen duwatsu ne a jere, ciyawa shar. Wani dattijo mai suna Amm Girgis, wanda ya gaji kula da wurin daga mahaifinsa, ya ajiye tiyon ban ruwa ya saurari buƙatarsu.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana," in ji shi. "Littafinmu na waɗanda ba su koma gida ba ne."

Amma da ya ga yadda fuskar Ukasha ta faɗi, ya ɗauko littafin don dai ya sallame shi. Ya bi sunaye da yatsa, shafi bayan shafi. Can sai yatsan ya tsaya.

Ya kai su ɓangaren Musulmi, layi na uku. A jikin dutsen an rubuta Sulaimanu Kukar Sada, ga lambar soja, ga shekarar rasuwa, 1943.

Harun ya daina dariya. Ukasha kuwa tsoro ya kama shi. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi gawar Soja Sulaimanu zuwa makabartar garinsu, bayan tsohon ya cinye tuwonsa ya koma ga Allah a kan gadonsa. Ya zo neman shaida, ga shi ya samu wadda ta fi ƙarfinsa.

A nan tsaye ya bugi gida, ya ce a kai wa Iya Balki wayar. Ya karanta mata abin da ke jikin dutsen sau biyu, don kunnenta ya yi nauyi.

"Ana share wurin?" ta tambaya.

"Har furanni an shuka, Iya."

"To alhamdulillahi." Da ɗan murmushi a muryarta. "Sulaimanu dai, Allah ya ji ƙansa, a Damagaram ubansa ya ɓoye shi har aka gama yaƙi. Da ya dawo ya aure ni, ya riƙe ni da amana, ya riƙe ubanka kamar shi ya haife shi, shi ya sa na bar masa labaransa. Wanda ya karɓi sunan ya tafi a madadinsa Imrana ne, wanzamin gidan, mijina na fari, ya bar ni da ciki wata uku. Ka durƙusa ka yi masa Fatiha, ɗan nan, a gaban kakanka kake tsaye."