Kwalbar Pesamino

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa haƙurin zama da takarda a wannan zamani na gaggawa, ina miƙa maka gaisuwar da ta dace da matsayinka. Mai wannan rubutu tsohon shugaban makaranta ne, wanda a yau yake yanke hukunci a majalisar dattawan wani ƙauye da ke gaɓar tsibirin Savai'i, a ƙasar Samoa. Fallasa na gida ba ɗabi'arsa ba ce. Sai dai laifin da za ka ji ya kai girman da yin shiru a kansa zai zama laifi na biyu. Gyara zama.

Likita Sinalei 'yar ƙauyen ce. An tura ta karatu Niyu Zilan, ta dawo da farar riga da kuma imanin cewa duk abin da ba a auna ba ƙarya ne. Ta zo da sabon maganin hawan jini domin gwaji. Idan gwajin ya kammala lafiya, jami'ar da ta aiko ta za ta gina asibiti a ƙauyen. Idan ya lalace, tsofaffi su ci gaba da bin motar asuba zuwa wani gari, ita kuma ta tattara komatsanta.

A zauren taro ta yi bayani. Rabin kwalaben magani ne na gaske, rabi kuwa garin sitaci ne da aka yi wa kama, kuma ba wanda ya san wanne ke hannun wa, har ita kanta. Kowa ya sha nasa, ƙwaya ɗaya kullum. Wannan, in ji ta, shi ake kira ilimi. Dattawa suka dubi juna, suka yi mata godiya.

Ba ta taɓa ganin marasa lafiya masu ladabi irin waɗannan ba. Ƙarshen kowane wata kwalabe suna dawowa wayam, a wanke tas. Wata Lahadi matar fasto, wadda ko sunanta babu a gwajin, ta riƙe hannunta a bakin coci ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, jirin nan ya tafi." Sinalei ta ji daɗi ƙwarai da aka samu mai bin shawararta ta rage gishiri.

Mutum ɗaya ne ya fita daban, wani masunci mai suna Pesamino. Kwalbarsa a ƙulle take a gefen zaninsa, tana ƙarnin kifi. A coci ba mai zama kusa da shi.

Sai saƙo ya zo daga jami'a. An auna jinin da ta aika, an samu maganin har a jikin waɗanda aka bai wa sitaci, kaɗan-kaɗan. Akwai mai wasa da kwalabe. Dole ta nemo shi kafin wata ya mutu, ko a rufe gwajin.

Ta samu ƙanwar mahaifiyarta, Folole, tana kankare kwakwa a bayan gida.

"Inna, akwai wanda ke aikata ba daidai ba da maganin nan."

"Sai yau kika sani? Karatun nan naki dai a bakin ƙofa ya tsaya."

"Wane ne?"

"Wa kike gani yana cin abincin Lahadi shi kaɗai? Uwarsa mutuniyar kirki, ga abin da ta haifa mana."

Sinalei ta gangara bakin teku, ta iske Pesamino yana ɗinkin koma.

"Baba, me kake yi da kwalbarka?"

"Au, har ke suka turo?" Bai ko ɗaga kai ba. "Abin da nake yi ba zan fasa ba. Ku ƙyale ni."

Wannan ya ishe ta hujja, kasancewarta mai ilimi. Ta kai ƙara majalisa, ta zauna a tabarma ta tanƙwashe ƙafa kamar yadda aka koya mata tun kafin farar riga.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗaya zai jawo wa gari asarar asibiti."

"Mun daɗe da sani, 'yata," in ji mai wannan rubutu. "Mun jira ne ki faɗa da bakinki."

Aka kira Pesamino. Bai musa komai ba, bai kuma sunkuyar da kai ba, abin da ya ƙara wa laifinsa muni. Sinalei ta yi ajiyar zuciya, har ta fara tsara amsar da za ta aika wa jami'a.

Ba ta aika ba. Tun kafin a gama karanta tuhuma ta dafe kanta da hannu biyu, kuma filin da aka share domin asibiti har yau kaji ne ke kiwo a cikinsa, gama jami'ar nan ba ta da tarbiyya.

Ga tuhumar, ya mai karatu, ka yi alƙalanci da kanka. Tunda likita ta faɗa da bakinta cewa rabinmu gari ake ba su, majalisa ba ta ga dalilin da wasu za su warke maƙwabtansu na haɗiyar sitaci ba. Saboda haka kowace Lahadi bayan cin abinci ake juye kwalabe duka a babban akushin majalisa, a gauraya, a raba wa kowane gida, a fara da na fasto. Pesamino kaɗai ya ƙi kawo tasa, yana shanye abinsa ɗaya bayan ɗaya wai don likita ta ce. A kan wannan rowa na ci shi tarar aladu biyu da kwandon gwaza goma.