Rukmini Ta Ƙi Fita

"A yanke!" Darakta Bhalerao ya daka tsawa. Rukmini, jarumar fim ɗinsa na wasan kurket, ta sake narka wa ƙwallo duka har ta haura katanga.

"Labarin cewa ya yi a nan za a fitar da ke, namiji ya shigo ya ceci wasan!"

Rukmini ta gyara riƙon sandarta. "To a fitar da ni mana. Ni dai ba zan kuskure da gangan ba."

Bhalerao ya juya kan Harpal, ƙwararren ɗan wasan da ya ɗauko haya don ya riƙa jefo mata ƙwallo. "Daina lallaɓa ta! Yi mata jifa irin na maza!"

Harpal ya share gumi, ya sassauta murya.

"Sahab, ranka ya daɗe, rufa min asiri. Tun safe iya ƙarfina ke nan."