Dutsen Soron Ƙofa

Admasu ya iso gidan zuhudun da takalmi wari ɗaya, ɗayan kuwa kogi ya cinye shi tun jiya. Kwana biyu yana gudu, bai sa komai a bakinsa ba sai ɗanyen sha'ir da ya murje a gonar wani. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Soron ƙofar tsohon gini ne na baƙin dutse da katako, ya girmi kakan kakan duk wani mai rai. A cikinsa aka rataye wani dogon dutse mai amo. Kowa a tsaunukan Habasha ya san dokar: wanda ya zubar da jini, in ya buga dutsen nan sau uku da hannunsa, ya shiga amanar gidan, ko sarki bai isa ya fitar da shi ba. In bai buga ba, rabon dangin mamaci ne, ko da ƙafarsa ɗaya tana ciki. Mabugin kuwa, ɗan dutse kamar ƙwan agwagwa, yana wurin mai tsaron ƙofa, kuma ba ya bayarwa sai ya ji gaskiyar abin da aka yi.

Mai tsaron wani tsoho ne mai rawayar hula, yana zaune yana ɗinke rigarsa. Irin mutanen nan da ko gobara ta tashi sai sun gama ƙulla zare.

"Abba, ba ni mabugin, suna bayana."

"Zauna tukuna, ɗana. Dutsen ba ya gudu."

Admasu bai zauna ba. Ya leƙa ta tagar soron, ya hango masu bin sa can ƙasa a kwanar farko ta hawan. Mutum biyar ne, wasu da mashi, ɗaya da bindiga, Belayne na gaba, wan mutumin da Admasu ya kashe. Irin wannan kwanar guda bakwai hanyar take da su kafin ƙofa, ya ƙirga su da ƙafarsa ɗazu.

Tsohon ya miƙo masa ƙwaryar ruwa da hannun hagu. Admasu ya kurɓa, rabi ya zube a ƙirjinsa, ya fara magana yana haɗa kalmomi. Shi baƙo ne a ƙauyen Gult Amba, aure ya kai shi shekara shida da suka wuce. Rikicin iyakar gona ne, a gindin ɓaure.

"Ɓauren bakin rafi, ko na wajen masussuka?"

"Na rafi, Abba. Don Allah."

"To, ina jin ka."

Maƙwabcinsa ya matsar da dutsen iyaka taku biyu. Suka yi cacar baki, aka kai ga zagin iyaye. Maƙwabcin bahago ne, sandarsa ta zo ta inda Admasu bai zata ba, shi kuma ya ɗaga fartanya. Sau ɗaya kawai. Ya rantse bai yi nufin kisa ba, kuma wannan kam gaskiya ce, sai dai gaskiya ba ta ta da gawa.

Ya sake leƙawa. Sun kai kwana ta huɗu. Ya je ƙofa ya dawo, ya je wurin dutsen ya taɓa shi da tafin hannu, ya ji sanyinsa. Tsoro ya cika shi.

"Sunansa," in ji tsohon.

"Wondimu."

Allurar ta tsaya. Tsohon ya daɗe yana kallon rigar da ke cinyarsa, har Admasu ya ɗauka gyangyaɗi ya kwashe shi. Sai ya ciro mabugin daga aljihu, ya dunƙule shi a hannu, bai miƙa ba.

"Ya daɗe kafin ya cika?"

"A'a. Nan take."

"Ya bar 'ya'ya?"

"Biyu, mace da namiji. Abba, kashe ni za su yi a gabanka!"

Yanzu ba ya bukatar taga, yana jin duwatsu na gangarawa ƙarƙashin ƙafafunsu, yana jin muryar Belayne. Ya dubi siraran hannayen tsohon, zuciyarsa ta ce fizge kawai. Amma mabugin da aka ƙwata ba ya ba da tsari, wannan ma kowa ya sani. Ya durƙusa ya kifa goshinsa a kan ƙafafun tsohon, yana kuka kamar ba magidanci ba.

Tsohon ya ja ƙafafunsa baya. Sannan ya ajiye mabugin a ƙasa, kusa da kan Admasu, ya kawar da fuska.

Admasu ya ɗauka ya buga, sau uku dutsen ya yi amo, tsaunin ya amsa. Kafin na ukun ya lafa tsohon ya tura ƙyauren, ya saukar da katakon sakata, ya jingina bayansa a jiki. Sai ga gindin bindiga yana dukan ƙofar daga waje, sau biyu.

"Kun makara," in ji tsohon. "Yana cikin amana. Ku koma gida."

Admasu ya zube a ƙasa yana haki, a ransa yana ta sa wa bawan Allahn nan albarka. Daga bayan ƙyauren Belayne ya yi magana, ba da tsawa ba, a hankali.

"Baba, shekara ashirin da ka bar mu ka hau tsaunin nan, ban taɓa zuwa na roƙe ka komai ba. Yau na zo. Buɗe ka ba ni wanda ya kashe ɗanka."